Neman kalma: me za mu kira abin da getSettings ke dawowa da shi?

Mai Darasi:
Assalamu alaikum. Gobe da daddare zan naɗi darasi na bakwai cikin jerin darussan JavaScript, harshen rubuta manhajar shafukan intanet, da nake yi da Hausa, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Darasin a kan ɗaukar sauti da bidiyo ne ta burauza. A kira getUserMedia, mai amfani ya ba da izini, kyamara ta kunnu, wannan duk na samu yadda zan faɗe shi. Inda na maƙale shi ne abubuwa uku da ke jikin kowane MediaStreamTrack, wato sauti ko bidiyon da ke fitowa daga makirufo ko kyamara: getConstraints, wato abin da ka roƙa, getCapabilities, abin da na'urar za ta iya bayarwa, sai getSettings, abin da ake kai a wannan lokacin.

Ga misalin da zan nuna. Na roƙi bidiyo mai faɗin 1920 da tsayin 1080. Kyamarar kwamfutata ba ta wuce 1280 da 720. Burauza ba ta yi gardama ba, ta kunna kawai. Na kira getConstraints, ya ce 1920. Na kira getSettings, ya ce 1280. A daftarina duka ukun "saiti" na kira su. Da na karanta wa ƙanwata sai ta ce, "To Yaya, wane saitin ne gaskiya, na 1920 ko na 1280?" Dukan darasin ke nan, kuma kalmata ta rufe shi. Ku taimaka.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Na farko sharuɗɗa. Na biyu iyawa. Na uku saiti. Ka bar saiti wa getSettings shi kaɗai, kada ka ƙara kiran sauran biyun da shi, shi ke nan.

Malamar Kwamfuta:
Sharuɗɗa ya yi, amma da gyara. Sharaɗi a kunnen mai jin Hausa abu ne da in ba a cika shi ba magana ta rushe. Hakan gaskiya ne ga exact (wannan lambar daidai) da min (kada a gaza ta) da max (kada a wuce ta): in ka rubuta exact 1920 a kyamarar Mai Darasi, ba za ta kunnu ba sam, saƙon kuskure mai suna OverconstrainedError za ka samu. Amma ideal, wato abin da aka fi so, ba haka yake ba, kuma lambar da aka rubuta tsurarta ba tare da komai ba a matsayin ideal ake ɗaukarta. Ni a aji nakan ce sharuɗɗa iri biyu ne: na dole da na so-samu. Ɗalibai ba su taɓa neman ƙarin bayani a kan "so samu" ba.

Mai Darasi:
Malama, Allah ya saka da alheri. Na dole da na so-samu sun shiga daftari yanzun nan. Saura babbar, ta ukun.

Malamar Kwamfuta:
Ita ce mai wuya. In ka ce saiti, mutum zai tuna wurin da yake shiga a wayarsa ya taɓa ya canza abu. Abin da getSettings ke bayarwa kuwa rahoto ne, karanta shi kawai ake yi. Ka canza lambar da ke ciki sau goma, kyamara ba za ta ko motsa ba. Mai son canji sai ya koma ta applyConstraints da sababbin sharuɗɗa. Na ga ɗalibin da ya kwashe yini yana rubuta sabon width a cikin abin da getSettings ya dawo masa da shi, yana mamakin me ya hana bidiyon girma. Kalmar saiti ce ta yaudare shi. Ni "halin da ake ciki" nake cewa, ko da yake ya yi tsawo.

Malam Mai Nahawu:
Jama'a, kafin a yi nisa. Wane ne ya ce saiti Hausa ce? Turanci ne aka sa wa wasali a ƙarshe. Muna da aikatau namu, daidaita. Daga shi muke da hanyar gina suna wadda harshen ya gada: buɗe ya ba mu mabuɗi, auna ya ba mu ma'auni. To daidaita sai ya ba mu madaidaici, jam'i madaidaita. "Karanta madaidaitan kyamara." Na daɗe ina amfani da ita a rubuce-rubucena, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a karɓe ta. Duk sanda muka ɗauko kalmar waje alhali muna da tamu, wata jijiya muke yanke wa harshen.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, madaidaici ai tana da mai ita. Madaidaici shi ne abin da ba babba ba ba ƙarami ba. In Mai Darasi ya ce "madaidaicin bidiyo", kowa zai ji bidiyo ne mai matsakaicin kyau. Kuma ko mun bi ƙa'idar da Malam ya kawo, mabuɗi abin buɗewa ne, ma'auni abin aunawa ne, don haka madaidaici abin daidaitawa ne. Wannan ya fi kusa da applyConstraints. Mu lambobin da aka tsaya a kansu muke nema wa suna.

Malam Mai Nahawu:
Kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, jumla ce ke rarrabewa. Baki na mutum ne, baki launi ne in an ƙi sa ƙugiya, baki na kogi ne, wa ya taɓa ruɗewa? Abin da na lura da shi shi ne ku masu aikin kwamfuta kun riga kun yanke hukunci cewa duk abin da ba shi da ƙamshin Turanci bai kai ya shiga fasaha ba. Da a ce Bature ne ya kawo madaidaici da yanzu an sa ta a manhaja.

Ɗan Fassara:
Malam, da girmamawa, to sharaɗi fa? Larabci ce. Izini Larabci ce. Darasi ma haka. Ba ka ce komai a kansu ba. In aro laifi ne, laifin ya daɗe. Kuma saiti ta wuce baƙunta. Ta haifi aikatau: na saita, ka saita, an sassaita. Ta haifi saitacce. Har mukan ce wane ba shi da saiti, wanda babu wannan a harshen da aka aro ta. Kalmar da ta yi 'ya'ya da jikoki a gida ba a ce mata baƙuwa.

Malam Mai Nahawu:
Ka haɗa abin da ya shekara ɗaruruwa a bakin malamai da abin da ya shigo jiya ta kan waya? Sharaɗi ta shigo da karatu, an tace ta, ta zauna. Saiti ta shigo da lalaci. Har yau ba ku ma daidaita a kan jam'inta ba: wani ya ce saituna, wani saitoci, wani saiti-saiti. Ni na yi shekaru ina koyar da ginin kalma, ba zan zuba ido a mayar da Hausa kwandon zuba kowace kalmar da aka ji a bidiyo ba.

Injiniya:
Ba wanda ya raina karatun Malam. Amma mu ma mun yi shekaru muna zama da ɗalibi a gaban allo, kuma mun san inda yake faɗuwa. Duk lokacin da aka buɗe irin wannan magana sai a mayar da mu marasa kishi. Wanda ya zauna yana naɗar darasin JavaScript da Hausa kyauta, shi za a koya wa kishin harshe?

Mai Darasi:
Don Allah a yi haƙuri, iyayena da yayyena. Awa ashirin da 'yan kai suka rage min. Bari in nuna dalilin da ya sa na damu da wannan kalmar fiye da sauran. Kwanaki na gwada ɗaukar karatu ta wani shafi da na rubuta. Duk sanda na yi shiru na numfasa, sai ƙarar ɗakin ta taso, in na ci gaba sai muryata ta dusashe na ɗan lokaci. Na zargi makirufo, na canza, abin bai daina ba. Ban roƙi komai ba illa audio true, don haka getConstraints fanko ya nuna min. Sai da na kira getSettings na ga autoGainControl true, noiseSuppression true, echoCancellation true, sampleRate 48000. Wato burauza ta kunna ɗaga murya da kanta, da rage hayaniya, da kashe amsa-kuwwa, don ta ɗauka kiran bidiyo zan yi. Ban saita ko ɗaya ba, amma suna aiki. Shi ya sa "saiti" ita kaɗai take min ƙaiƙayi, tana nuna kamar ni na saita.

Ɗan Fassara:
To ga wata: matsaya. Kai ka kawo sharuɗɗa, na'ura ta kawo iyawarta, burauza ta duba duka biyun ta cimma matsaya. Haka abin yake tafiya a zahiri, domin ƙa'idar Media Capture and Streams ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta sa burauza ta fara zubar da duk abin da ya saɓa wa sharuɗɗan dole, sannan cikin sauran ta zaɓi wanda ya fi kusa da na so-samu. "Matsayar kyamara: 1280 da 720, firam 30 a daƙiƙa." Kuma ginin ma- ne, Malam ba zai ce aro ba ce.

Malamar Kwamfuta:
Matsaya ta yi daɗi wajen bayani. Damuwata ɗaya: ɗalibin nan zai bar darasi ya koma rubuta getSettings da hannunsa. In ya riƙe "saiti" a ka, yana ganin sunan zai gane. In ya riƙe "matsaya", sai ya sake fassarawa. Ni zan ce "saitin da ke aiki". Kalmomi huɗu ne, amma "da ke aiki" ta amsa tambayar ƙanwar Mai Darasi kai tsaye.

Malam Mai Nahawu:
Matsaya Hausa ce, ban musa ba. Ta fi saiti sau dubu. Amma matsaya ɗaya ce, su kuwa waɗannan abubuwa da yawa ne: faɗi, tsayi, yawan firam, fuskar da kyamara ke kallo. Madaidaita jam'i ce tun asali, ta ɗauke su duka. Ban ga abin da aka kawo da ya kayar da ita ba, illa dai ba a so.

Injiniya:
An kawo, Malam, har biyu.

Mai Darasi:
Ga abin da zan naɗa gobe in Allah ya yarda. Sharuɗɗa, na dole da na so-samu. Iyawar na'ura. Sannan "saitin da ke aiki" a matsayin suna, kuma a wurin bayani zan ce shi ne matsayar da burauza ta cimma. Malam, zan ambaci madaidaita sau ɗaya in ce akwai masu ba da shawararta, masu kallo su faɗi yadda suka ji ta. Abin da ban samu ba har yanzu shi ne sunan MediaStreamTrack kansa. Na rubuta "layin sauti" da "layin bidiyo", amma layi ta riga ta sha kaya, ga layin waya ga layin rubutu.

Malamar Kwamfuta:
Sili? Kamar silin zare a cikin igiya, tunda MediaStream ɗaya kan ƙunshi na sauti da na bidiyo a tare. Ban gwada ta a aji ba tukuna.

Malam Mai Nahawu:
Sili ta fi layi. Ita na yarda da ita. Saiti kuwa ku naɗa yadda kuka ga dama, tunda lokaci ya ƙure, amma kada a ce da yawuna. In za ka ambaci madaidaita, ka faɗe ta da jam'inta, kuma ka kawo misalin mabuɗi.

Mai Darasi:
Zan kawo, Malam. Sili kuma bari in karanta wa ƙanwata da safe in ji ko ta kama. In ba ta kama ba, layi zan bari a wannan darasin.