Taƙaitawa: abin da aka tattauna kan gargaɗin ambaliya

Jama'a, na bi muhawarar da aka yi kan yadda gargaɗin ambaliya zai isa ga mutane su yi aiki da shi, tun daga farkonta, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa na'urorin auna ruwan sama da cikar kogi suna aikinsu. Tangarɗar tana wajen isar da saƙo a kan lokaci. An kawo misalin Jamus a Yulin 2021: an yi hasashen ruwan kwanaki kafin ya sauka, duk da haka fiye da mutum 180 suka rasu. A Balensiya ta Sifen, a Oktoban 2024, saƙon gargaɗi ta waya ya fita bayan ƙarfe takwas na dare, ruwa ya riga ya ci garuruwa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

2. Ya kamata gargaɗi ya faɗi unguwa, lokaci, da inda za a nufa. "Ana sa ran ruwa mai yawa" ba ya tayar da kowa.

3. Kada a dogara da waya kaɗai, domin wuta da sabis kan ɗauke. A haɗa da rediyo, jiniya da masu bi gida-gida.

Ra'ayi ya rabu kan gargaɗin da ba a ga ruwansa ba. Wasu sun ce yawansa na sa mutane su daina kulawa, wasu kuma gara a tashi a banza da a makara. Ina tare da na biyun, muddin hukuma za ta bayyana dalili daga baya.

Game da masu ƙin barin gida kuwa, da dama daga masu muhawarar sun ce ba taurin kai ba ne. Tsoron ɓarayi ne, ga tsofaffi da dabbobi, ga rashin matsuguni.