Yaran ajina sun haddace ma'anar aikatau amma ba sa iya sa aya, ina mafita?

Malamar aji huɗu:
Assalamu alaikum malamai da iyaye, don Allah shawara nake nema. Ina koyar da Hausa a aji huɗu na firamare, kuma abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. In na tambaya mene ne suna, mene ne aikatau, duk aji za su ɗauka kamar waƙa babu mai kuskure. Amma ka ce su rubuta layi biyar kan abin da suka yi jiya, wallahi sai ka ga shafi guda babu aya ko ɗaya, babu waƙafi, babban baƙi ya faɗo a tsakiyar kalma, ƙugiya kuwa ba a ma maganarta. Wata ta rubuto min "kanwata ta bata littafina", na rasa ɓatawa ta yi ko ba wa wata ta yi. Kullum ina cika littattafansu da jan biro har hannuna ya gaji, washegari kuskuren jiya dai shi za su maimaita. A ina nake kuskure?

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara rage jan biron nan. Yaron da ya buɗe littafinsa ya ga gyara ashirin to bai ga ko ɗaya ba, maki kawai zai duba ya rufe. Ki ɗauki abu ɗaya a sati, ki ce musu satin nan aya kawai nake dubawa, sauran kurakuran ki kau da kai ko da suna sosa miki rai, lokacinsu na zuwa.

Yadda nake yi lokacin ina aji, sai na kwafe rubutun wani a allo ba tare da na faɗi mai shi ba, na karanta da ƙarfi yadda aka rubuta shi, ba tsayawa ba shan iska har numfashina ya ƙare. Su da kansu za su ce malam ka tsaya mana, sai na ce a ina zan tsaya, zo ka nuna min, na miƙa masa alli. Wanda ya sa aya shi zai gyara baƙin da ke biye ya zama babba, don su saba cewa tare suke tafiya. Alamar tambaya ma kunne ke koyar da ita, rubuta "Ya tafi." da "Ya tafi?" ki sa su karanta su ji yadda murya ke tashi. Waƙafi ki bar shi sai daga baya, ki fara da jeri, irin "na ga akuya, tunkiya, jaki da doki".

Maman yara uku:
Ni ba malama ba ce amma maganar ƙugiya ta taɓa ni. Abin da ya yi wa 'yata aiki shi ne kalmomi biyu-biyu, baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara, da da ɗa. Na rubuta mata "bakin jaki" da "baƙin jaki" na ce ta zana min hoton kowanne, tun ranar ta gane ƙugiya ba ado ba ce. Kullum da yamma shifta ta kalma biyar kawai muke yi, ita take duba kayanta da kanta. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaran nan suna ganin yadda muke rubutu a waya babu ɓ babu ɗ babu ƙ, alhali akwai kibod ɗin Hausa, sa shi ne kawai ba mu yi ba.

Malamin nahawu:
Na yarda da Baba malam sai dai wuri ɗaya, numfashi shi kaɗai zai iya yaudarar yaro, wani zai sa aya duk inda ya gaji. In ya sa, ki tambaye shi, maganar ta cika? wa ya yi, me ya yi? In babu amsa to ba nan ba ne. Ta nan kin koyar da suna da aikatau a aikace, ma'anar da suka haddace sai ta sami wurin zama.

Jinsi kuma ki bi ta "ne" da "ce", mota ce, gida ne, daga nan sai motar malam, gidan malam. Ki kula kar su ɗauka duk kalmar da ta ƙare da "a" mace ce, ga gida, ruwa, suna, duk maza ne.

Inda aikin yake da gaske shi ne raba kalma da haɗewa, manya ma nan muke faɗuwa. Ki rubuta "ka ji" da "kaji", "ta ce" da "tace", "ka sa" da "kasa", su faɗi bambancin. Ya, ta, ka, sun ba a manna su da aikatau, ya zo, sun tafi. Amma yana, tana, suna a haɗe suke, haka masa da mata, haka littafina da littafinsa. Kar ki zuba musu duka rana ɗaya, na rabawa tukuna har ya zauna.

Malamar aji huɗu:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Litinin zan fara da aya, jimlar yarinyar nan kuma na ajiye ta don satin ƙugiya, zan rubuta "ta ɓata" da "ta ba ta" a allo su zaɓa. Tambaya ɗaya ta rage Baba malam, yaran suna da yawa kuma wasu har yanzu haɗa baƙi da wasali ma yana ba su wuya, su ma na sa su cikin darasin aya ne ko na ware su mu koma kan gaɓa tukuna?