Neman kalmar Hausa: me za mu kira taiko, kiɗan gangunan Japanawa?

Mai Shirin Al'adu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman agaji, lokaci ya ƙure mini. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirin rediyo a kan kiɗan Japan da ake kira taiko. A harshensu taiko ganga ce kawai, kowace iri. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne kumi-daiko, inda mutum goma ko ashirin za su jeru, kowa da gangarsa, manya da ƙanana, su buga tare. Wani makaɗin jaz mai suna Daihachi Oguchi ne ya fara tsara shi haka a 1951 a yankin Suwa, yanzu kuma unguwanni da makarantu da ƙauyuka suna da ƙungiyoyinsu. Jigon shirina shi ne yadda kiɗan ke riƙe zumuncin gari. Na rubuta "kiɗan ganguna" na goge, don bai faɗi komai ba. Wace kalma zan sa?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Tamburan Japan mana. Na ga babbar tasu a bidiyo, ta fi mutum tsayi, ƙararta kamar aradu. Ganga ta yi mata kaɗan.

Ɗan Damagaram: A'a yallaɓai. Tambari na fada ne, ana buga shi ga naɗin sarki ko daren Salla. Da mai saurare ya ji tambura, sarauta za ta faɗo masa a rai, ita kuwa zancen talakawan unguwa take. Ni na ce kiɗan gangami. Asalin gangami ai ganga ce ake bugawa a tara mutanen gari.

Mai Shirin Al'adu: Gangami ya ja hankalina, Yaya. Ana ma cewa a Japan ta dā, iyakar ƙauye ita ce inda ƙarar gangarsa ta daina kaiwa. Sai dai yau in na ce gangami, mutane za su ɗauka na siyasa ne ko na rigakafi.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, ki dakata. Hausa ba ta gaza ba, mu ne muka yi lalaci. Muna da ɗafin -ayya mai nuna abin da ake yi tsakanin juna: so ya ba mu soyayya, ja ya ba mu jayayya, tara ya ba mu tarayya, aure ya ba mu auratayya. To kaɗa ya ba mu KAƊAYYA. Kalma ɗaya tak, kiɗan da ake yi tare. Shekara 31 na yi ina koyarwa, ban taɓa yarda yaro ya cusa mini baƙuwar kalma a inda tamu za ta iya ba.

Bakatsine: Baba Malam, da girmanka, amma a rediyo kunne ne alƙali. Kaɗayya za ta shiga kunne kamar kaɗai da kaɗaici, kishiyar abin da ake nufi ke nan. Wani ma ƙidaya zai ji.

Tsohon Hedimasta: Bahaushen da ba ya rarrabe ɗ da d, ko k da ƙ, matsalarsa ba ta wannan zauren ba ce. In ba ku son ta, ga bugayya.

Ɗan Damagaram: Bugayya ai tana da mai ita, Malam. Dambe ke nan, ka buge ni in buge ka. Kuma -ayya aiki ne da ke faɗa wa juna. Masu soyayya juna suke so, masu jayayya da juna suke ja. Masu kaɗayya ke nan juna suke kaɗawa, ba ganga ba.

Ɗaliba a Osaka: Ku ba ni dama in faɗi abin da idona ya gani, ko zai taimaka. Unguwar da nake haya, in bikin bazara ya matso, kowace yamma ana taruwa a ɗakin taron unguwa. Gangunan ba su isa kowa ba, don haka yara a kan tsofaffin tayoyin mota suke koyo. Wani dattijo ne ke koyar da su, ba takarda a hannunsa, da baki yake faɗin kiɗan, "don doko don, ka ka", su maimaita da baki sannan su buga. Don shi ne tsakiyar fata, ka kuma gefen itacen. A layi ɗaya na ga mai sayar da kifi, da wata ma'aikaciyar banki da ta zo da kayan aikinta a jiki, da yarinya 'yar shekara 8. Ba wanda ake biya. In an tashi kowa ya ɗauki tsumma a goge daɓen tare. Dattijon nan ya san sunan kowane yaro da na kakansa. Duk kalmar da za a zaɓa, ta nuna cewa mutanen gari ne ke kaɗa wa kansu.

Jikan Makaɗa: Yauwa ƙanwata, kin taɓo inda gizo ke saƙa. A wurinmu kiɗa yana da mai shi kuma yana da wanda ake yi wa. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, kotso da taushi na fada. Makaɗi gado ya yi, ya kaɗa a ba shi. Shi ya sa duk sunan gangar da kuka ɗauko sai ya jawo sana'arsa a baya. Ku bar neman sunan ganga, ku nemi sunan taruwar. Ni na ce kiɗan gayya. Ina yaro na sha bin kakana gona ranar gayya, yana rataye da gangar noma yana bin bayan samari, yana kiran taken kowa, ƙura na tashi, mata na sauke ƙoren fura a gindin gawo. Yau gonar wannan, jibi ta wancan, ba a biyan kowa lada. Abin da ta kwatanta ke nan.

Tsohon Hedimasta: Kiɗan gayya kiɗan da ake yi WA 'yan gayya ne. Makaɗin daban, manoman daban. Ka karya hujjarka da bakinka. Kuma ni abin da ke ci mini rai, kowace al'umma tana ɗaukaka gangarta har duniya ta san sunanta, mu kuwa sai aro. Kayan aro ba ya rufe katara.

Jikan Makaɗa: Malam, tunda ka kawo maganar ɗaukaka, su wa suka ƙasƙantar da tamu? Gidaje nawa ne har gobe za su ba ɗan makaɗi aure ba tare da an yi ta kai-kawo ba? Ana kiranmu maroƙa, sai an zo alfahari da al'ada a tuna da mu.

Ɗaliba a Osaka: Yaya, nan ma ba su tsira ba. Masu jima da haɗa gangunan yawanci daga Burakumin suka fito, mutanen da aka daɗe ana ƙyama saboda aikin fata da yanka. Unguwar Naniwa ta nan Osaka ta shahara da wannan sana'a. Ana girmama gangar, ana raina hannun da ya ɗaura mata fata. Gado ma akwai shi: a ƙauyen Nafune da ke Wajima, mazan ƙauyen ne kaɗai ke buga kiɗansu na Gojinjo, sanye da abin rufe fuska mai siffar dodanni.

Bakatsine: Batun aro kuma, Baba Malam, littafi da alƙalami da allo da ka yi shekara 31 kana riƙewa, daga Larabci muka aro su. Hedimasta ma fa?

Ɗan Damagaram: Ku 'yan Nijeriya kun cika aron Ingilishi ne shi ya sa Malam ke tsoro. Mu nan sau da yawa mukan tsaya a kan tamu.

Bakatsine: Ku da ke cewa lakwal da mushe? Bar wannan zancen.

Mai Shirin Al'adu: Don Allah iyayena da yayyena, ƙarfe 11 na dare ta wuce, ban rubuta ko layin buɗewa ba. Ga abin da ya sa ba na son yar da kalmar taiko gaba ɗaya. A 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe 'yan asalin Japan mazauna ƙasarta kusan 120,000 ta tsare a sansanoni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yawansu suka riƙa ɓoye harshe da al'ada. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka dawo ta hanyar ganga. Wani makaɗi mai suna Seiichi Tanaka ya buɗe ƙungiyar taiko a San Francisco a 1968, Kinnara Taiko ta biyo a Los Angeles a 1969, ta San Jose a 1973. Gangar Japan ta ainihi daga kututturen itace guda ake sassaƙa ta, tana da tsada, sai suka riƙa ɗaura fatar saniya a kan gangunan katako na ajiye giyar inabi. Mutanen da suka sha wannan wahala don su riƙe sunan, ba na jin ya dace in cire musu shi. Zan ce "taiko, wato kiɗan gayya na Japanawa, inda makaɗan su ne 'yan gayyar", sau ɗaya a farko, daga nan in ci gaba da taiko. Saura jinsi da jam'i.

Ɗan Damagaram: Namiji ne, da -o ya ƙare: taikon tsibirin Sado, taikon unguwa. In gangar kanta kike nufi, ki ce gangar taiko, gangunan taiko. Kada ki ce taikuna, kin koma buhunan fata na jakai.

Jikan Makaɗa: Sandunan da suke kira bachi kuma kada ki ce makaɗi, za a rikita su da mutumin. Gula tamu lanƙwasasshiya ce, tasu miƙaƙƙiya mai kauri. Ki ce sandunan kiɗa.

Tsohon Hedimasta: Ban gamsu ba. Kalma goma sha biyu kin kashe a inda ɗaya za ta wadatar. Amma shirinki ne, kuma ƙarin bayanin da kika yi ya toshe ɓarakar da na nuna. Ki furta gayya yadda ya kamata kada a ji ta mugunta. Kaɗayya kuwa na rubuta ta a littafina, zan kai ta gaban masana.

Mai Shirin Al'adu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙanwata ta Osaka, in kina da muryar dattijon nan yana faɗin "don doko don", ki nemi izininsa ki turo mini kafin 8 na safe agogonmu.