Muhawara: Shin yawan ambato ne ma'aunin malamin cututtukan jini?

Sani: Jama'a, ni dai matsayina ɗaya ne. In ana son sanin wane ne babba a cikin masu binciken cututtukan jini, a buɗe Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike a intanet, a ga sau nawa sauran masana suka kafa hujja da maƙalunsa. Mai ma'aunin h 90 ya fi mai 25, magana ta ƙare. Lissafi ba ya sanayya.

Rabi: Malam Sani, a yi wa irinmu bayanin wannan h ɗin tukuna.

Sani: Wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, shi ya fito da shi a 2005. In an ce naka 40 ne, to kana da maƙala 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Ya haɗa yawan aiki da karɓuwarsa wuri ɗaya.

Hauwa: Malam, bari mu gwada shi a kan aiki na gaske. A 1986 Marilyn Gaston da abokan aikinta a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yara 215 masu sikila. Wasu ana ba su fenisilin kullum, wasu ba a ba su. Mugun ciwon da ƙwayar cutar nimoniya ke jawowa ya ragu da kashi 84 cikin ɗari a wajen masu shan maganin, har aka tsayar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, don ci gaba da hana sauran yaran ya zama zalunci. Daga nan ne gwajin jarirai tun ranar haihuwa ya samu gindin zama. A wajen ma'auninka, wannan aikin gaba ɗaya maki ɗaya ne tak, daidai da kowace maƙala da ta tsallake layi.

Sani: Ai ita ma an ambace ta sosai, Likita. Kin ƙarfafa maganata ne.

Hauwa: An ambace ta, amma h bai damu ba. Ko sau dubu goma aka ambaci maƙala, ɗaya yake ƙirga ta.

Musa: Ni abin da ya fi damuna daban ne. Ambato yana bin inda mutane suka yi cincirindo, mutane kuma suna bin inda kuɗin bincike yake. Mai aiki a kan sankarar jini yana da dubban abokan fage da za su ambace shi. Mai aiki a kan sikila fa? Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa a Amurka, kuɗin binciken da gwamnati ke kashewa a kan kowane mai cutar sistik faibirosis, wata cutar gado da ke taɓa huhu, ya ninka na mai sikila fiye da sau uku, alhali masu sikila sun fi yawa nesa ba kusa ba. In masu rubutu sun yi kaɗan, wa zai ambace ka?

Rabi: Wato fagen da mutum ya zaɓa ma ya riga ya yanke masa rabonsa.

Musa: Ƙwarai. Sannan a duba maƙalar da ta yi shekaru tana kan gaba a yawan ambato a kimiyya baki ɗaya: ta Oliver Lowry ce ta 1951, a kan yadda ake auna furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. Hanyar aiki ce ta ɗakin gwaji. Tana da amfani, ba musu, amma ba wanda zai ce ta fi aikin Linus Pauling na 1949 nauyi, wanda ya nuna cewa matsalar sikila tana cikin himogulobin ne, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini.

Sani: Duk na ji. Amma ku faɗa mini, in an jefar da lissafi, me ya rage? Kwamiti ya zauna ya ɗaga wanda ya ga dama? Gara lambar da kowa zai iya dubawa da ra'ayin mutum biyar a ɗaki a rufe.

Hauwa: Nan kam kana da gaskiya, shi ya sa ban ce a jefar ba. Ita ma lambar ana yi mata wayo: a sa sunan shugaban sashe a maƙalar da ko karanta ta bai yi ba, abokai su riƙa ambaton juna, a yanka bincike ɗaya gida huɗu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Graham Serjeant a Jamaika ya gwada jarirai 100,000 tsakanin 1973 da 1981, ya bi masu sikila a cikinsu shekara da shekaru. Cikin abin da ya fito daga aikin akwai koya wa iyaye mata su riƙa taɓa saifar yaro su gane ta kumbura, su garzaya asibiti. Uwar da ta koyi wannan ba ta rubuta maƙala, balle ta ambace shi.

Sani: To wannan da wane sikeli za a auna shi?

Hauwa: A ce wa malamin ya kawo maƙala biyar da ya fi ji da su, a karanta su, a duba ko wata ta shiga ƙa'idojin jinya da likitoci ke bi. Sanarwar San Faransisko kan yadda za a auna darajar bincike da aka tsara a 2012 ma kira ta yi a duba abin da aikin ya ƙunsa, a daina hukunci da sunan mujalla.

Sani: Wa zai zaɓi masu karantawar, Likita? Mun dawo kan kwamitin nan dai.