Gardin dare: awa nawa kuke yi a jere?

Maman Biyu (Yamai): Salamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lahiya, don Allah kowa ya faɗi yadda gardi (aikin kwana a likita) yake a wajenshi. Ni dai satin da ya wuce na shiga ƙarfe 8 na dare, da safe wadda za ta canje ni ba ta zo ba ɗanta ba lahiya, majo (shugaban ma'aikatan jinyarmu) ya ce in yi haƙuri in riƙe, ban fita ba sai bayan la'asar. Wajen azahar ina neman jijiyar wani yaro don ƙarin ruwa hannuna na rawa, sau uku ina soka ban samu ba, uwar tana kallona ba ta ce uffan ba, wallahi da na koma gida sai da na yi kuka.

Ɗan Adar (Tawa): Sannu yaya, Allah shi biya. Ku hwa kuna da mai canjinku, mu nan CSI (ƙaramar likita) na ƙauye ni ɗaya ne anfirmiye (ma'aikacin jinya), ɗakina na bayan likitar, in damana ta yi palu (zazzaɓin cizon sauro) ya taso daga watan 8 zuwa na 10 babu wani abu wai shi saukowa daga gardi, ƙarfe 2 na dare a ƙwanƙwasa ƙohwa an kawo yaro bisa amalanke shina suma, mi za ka ce musu? Rabona da kwanje (hutun aiki) shekara biyu.

Baba Sandika: Ƴaƴana abin da kuke faɗi akwai rubutacciyar magana a kai tun 1977. OIT (Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya) a Janeba ta yi yarjejeniya lamba 149 kan ma'aikatan jinya, ta ce kada haƙƙinsu ya gaza na sauran ma'aikatan ƙasa wajen awoyin aiki, ƙarin awa, hutun mako, hutun haihuwa da na rashin lahiya. Shawara lamba 157 da ke tare da ita ce ta fayyace: awa 8 a yini, ko da ƙarin aiki kada ya wuce 12, a samu hutun awa 12 kafin a koma, hutun mako awa 48, in an matsu ƙwarai kada ya gaza 36 a jere. Shawara ba ta tilasta gwamnati, amma hujja ce a bakinmu ranar zama da hukuma. Abin da ya fi yi mani ciwo awa ashirin ɗin nan taki, Maman Biyu, ba a rubuta ta ko ina ba.

Ƙanwar Kowa: Baba to mu benebol (ƴan aikin sa-kai) fa? Shekara uku ina gardi daidai da kowa ba albashi, ranar da allurar mara lahiya ta soke ni safar hannu ma ta ƙare, da kuɗina na yi gwaje-gwajen.

Maman Biyu: Subhanallah ƙanwata, sakamakon dai lahiya ko? Baba turo mani lamba 157 ɗin da faransanci in buga, ran litinin muna da taro da majo kan takardar gardin wata mai zuwa.