Manhaja ta hana likita rubuta magani, ko ta tsaya a gargaɗi?

Dakta Hadiza: Ga ra'ayina, kowa ya faɗi nasa. Idan an karanta ƙwayoyin gadon majiyyaci aka shigar da sakamakon cikin kwamfutar asibiti, manhajar da ke taya likita shawara ta riƙa hana shi rubuta maganin da jikin mutumin ba zai ɗauka ba. Gargaɗi kaɗai bai isa ba. Ku dubi abacavir da ake ba masu cutar HIV: mai ɗauke da nau'in ƙwayar gado HLA-B*57:01 kan yi mummunan borin jiki da shi, in aka maimaita ma yana iya kisa.

Bashir: Ranki ya daɗe, kin ɗauko misali mafi sauƙi. Mu da ke ɗakin magani mun san yadda ake yi. Saƙon gargaɗi ya yi ta faɗowa a kan allo har likita ya saba danna "wuce" ba tare da ya karanta ba. In kika mayar da kowanne shinge, wata hanyar zagayawa zai nema.

Dakta Hadiza: Ai hujjata ka ƙarfafa, Malam Bashir. Binciken PREPARE da aka buga a 2023, a ƙasashen Turai bakwai, ya nuna duba ƙwayoyin gado 12 kafin ba da magani ya rage illolinsa da kusan kashi 30 cikin 100.

Dakta Auwal: A Turai fa kika ce, Hajiya. Kuma can ɗin shawara aka ba likitoci, ba a ɗaure musu hannu ba. Babbar damuwata ita ce bayanan da aka ɗora manhajar a kansu, domin galibinsu daga Turawa aka tattaro. Ki tuna gwajin COAG na 2013 a Amurka kan warfarin, maganin tsinka jini. Lissafin ya dogara da nau'o'in CYP2C9, ƙwayar gadon da ke sarrafa maganin a jiki, waɗanda suka fi yawa a jikin Turawa, ya bar irin su *5, *6, *8 da *11 da ake samu a 'yan asalin Afirka. Baƙar fata da aka auna wa magani da wannan lissafi sun fi samun tangarɗa a kan waɗanda aka auna wa da lissafin da bai duba ƙwayoyin gado ba. To, ki ba irin wannan manhaja ikon hanawa?

Maryam: Ni ma'aikaciyar jinya ce, tambaya gare ni. In manhaja ta hana, majiyyaci ya cutu, wa za a kama?

Dakta Hadiza: Na yarda warfarin ya tsaya a shawara. Amma abacavir, da fluorouracil, maganin cutar daji, ga mai matsala a ƙwayar gado ta DPYD, ba zan sassauta ba.

Bashir: Ko fluorouracil ɗin ma, ga wasu rage yawansa ake yi, ba a hana su gaba ɗaya. Sannan ba ki amsa wa Sista Maryam ba.