Ɗiyata ta wuce lissafin ajinsu, me zan ba ta a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina zaune a Mabera, Sakkwato. Ɗiyata shekararta 6, tana aji ɗaya na firamare, amma lissafin ajin ya yi mata kaɗan, har ta fara cewa makaranta ba daɗi.

Ran nan bayan magariba na iske ta bisa tabarma tana jera ƙwallayen dabino sahu-sahu. Ta ce: “Baba, 12 tana rabuwa daidai gida uku ko huɗu, amma 7 da 11 da 13 sun ƙi, kullum sai an samu saura. Me ya sa?” Wallahi jikina ya yi sanyi, don ni sai a sakandare na san irin waɗannan lambobin, kuma ban iya ba ta amsar da ta gamsar da ita ba.

Na sayo littafin aji uku a babbar kasuwa, ta cinye shi cikin sati biyu, duk tarawa da ɗebewa ne iri ɗaya. Na sa mata Khan Academy Kids a waya, Turancin ya yi mata nauyi, ga matsalar caji. Dara kaɗai ke zaunar da ita, ita da kakanta.

Makarantar masu hazaƙa ta Suleja sai an gama firamare, kuma ba na son a tsallakar da ita aji tun yanzu. Malamai da iyaye, don Allah wane littafi ko wasa ne zai sa ta tunani, wanda zan iya bi da ita da Hausa? Ko akwai malamin lissafi nan cikin gari mai haƙuri da ƙananan yara?